Hoton Inna da Na Gyara

Inna ba ta taɓa yin dariya da bakinta duka a lokaci ɗaya ba. Gefen hagu ne yake fara tashi, ya tura kumatu sama har idon wannan ɓangaren ya kusa rufewa, girar kuma ta ɗage. Shi kuwa gefen dama sai ya tsaya kamar bai ji abin da aka faɗa ba, daga baya ya biyo. Ba ciwo ba ne, haka Allah ya halicce ta, kuma duk unguwarmu a Roni an san ta da haka. Matan da suke zuwa gidanmu sayen man gyaɗa da ƙuliƙuli sukan ce da zarar sun ga gefen hagu ya fara motsi, kowacce sai ta shirya, don akwai wadda za a zolaya.

Mu biyu muka rayu a cikin 'ya'yanta: Yaya, wadda ta girme ni da shekara shida ko bakwai, sai ni, auta. Tun muna yara kowa yake cewa Yaya da Baba take kama, dogon hanci da faɗin goshi. Ni kuwa ba a taɓa samun wanda nake kama da shi ba. Inna takan ce a kasuwa aka ba ta ni gyara a kan mudun gero.

Karatun boko na tsaya a aji huɗu. Da Baba ya ga noma bai dame ni ba, sai ya kai ni Kazaure wurin wani mai ɗaukar hoto, mutumin kudu, Kirista, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa tsari. Akwatin katako yake aiki da shi, mai ƙafa uku, da wani baƙin hannun riga a gefe inda ake zura hannu a wanke hoton a ciki ba tare da haske ya shiga ba. Aikin hawa biyu ne. Da farko za a sami hoto a takarda wanda komai ya juye, fari ya fito baƙi, baƙi ya fito fari. Sai a shanya shi, a kafa shi a gaban akwatin, a sake ɗauka, sannan hoton gaskiya ya fito. A tsakanin waɗannan hawa biyun ne mai hoto yake da iko. Da fensir, da ɗan buroshi, da jar tawada, da reza, yana iya taɓa takardar farko, duk abin da ya yi mata kuma shi zai fito a ta biyu.

Maigidana ba ya son yawan taɓawa. Ya ce mini ƙurji kawai zan cire, domin ƙurji yau yana nan, jibi ya tafi. Abin da mutum ya zo da shi duniya in bar masa kayansa. Na ce to. A raina kuwa na ce tsufa ne da rashin ƙoƙari.

Abin da ya ɗauke mini hankali wani ɗan guntun madubi ne da na tsinta a bayan shago. Wata rana ba aiki, ina wasa da shi, sai na tsayar da shi a kan hoton wani mutum, daidai tsakiyar hanci. Rabin fuskar ya haɗu da ɗan'uwansa na cikin madubi, sai ga cikakkiyar fuska. Na juya madubin ɗaya ɓangaren, sai ga wata fuskar dabam. Mutum ɗaya ne, amma dama da dama sun ba ni mai ƙiba mai fara'a, hagu da hagu sun ba ni wani siriri mai kama da wanda aka yi wa laifi. Na kwaso duk hotunan da ba a zo karɓa ba na gwada. Ko mutum ɗaya ban samu wanda ɓangarorinsa biyu suka zo daidai ba. Wani ido ɗaya ya fi girma, wani hancin ya ɗan karkata, wani kunne ɗaya ya fi tsawo.

Mai hankali da ya ga haka zai ce ashe haka mutane suke. Ni sai na ce ashe kowa yana da gyara, kuma Allah ya kawo mai gyaran.

Da na samu akwatin kaina, na ɗaure shi a bayan keke, na fara bin kasuwanni: Roni, Gwiwa, wani lokaci har Babura in an samu mota. Ina da wani tsinken tsintsiya da na yi wa alama da reza, da shi nake auna nisan ido daga hanci a kan takarda. In dama ta fi kyau, sai in ja hagu ta bi ta. In hagu ce ta fi, sai dama ta bi. Na ƙware ƙwarai, wannan kam ba zan ɓoye ba. Samari masu neman aure suna layi a gaban baƙin ƙyallena, domin an san hotona yana fitar da mutum tsaf kamar an zana shi da awo.

Ba kowa ne yake godiya ba. Akwai wani Bafulatani makiyayi a kasuwar Gwiwa, mai ido ɗaya a ɗan lumshe, wanda na buɗe masa idon ya zama daidai da ɗayan. Ya karɓi hoton, ya juya shi, ya duba bayansa, ya sake duba gaba. Ya tambaye ni ko akwai wani da ya zauna a kujerar kafin shi. Na ce shi ne dai. Ya ce to in riƙe, domin in ya kai wannan mutumin gida, shanunsa ma ba za su yarda da shi ba, balle matarsa. Mutanen da suke wurin suka yi ta dariya, ni ma na yi, na ce a raina mutumin daji ne, bai san kyau ba.

Akwai kuma wani mahauci a Kazaure da saniya ta taɓa karya masa hanci. Na miƙar da hancin sambal. Shi ya ji daɗi, ya rataye hoton a rumfarsa. Sai abokan cinikinsa suka riƙa tambayarsa ko ƙaninsa ne ya rasu. Wani ɗan Nijar ma a Babura ya dawo mini bayan mako biyu, ya ce an ƙi karɓar fasfon da na yi masa, an ce ya kawo nasa na kansa. Da sefa ya biya ni da farko, da sefa ya sake biya, wannan karon yana tsaye a kaina har na gama, kada in taɓa.

Ko aurena ma da tsinken ya shiga. Na fara ganin maiɗakina a wani biki a Kazaure, na koma na gaya wa abokaina na ga yarinyar da fuskarta ba ta da gyara. Bayan an yi aure na gaya mata haka, ina jin na faɗi babbar magana. Sai ta zame ɗankwalinta, ta nuna mini kunnenta na dama ya fi na hagu hawa sama da kusan faɗin yatsa. Ta ce tun tana yarinya take karkata ɗaurin don ta rufe shi, kuma ga shi ya yi aiki, tunda ya kama mai awo da kansa. Har yau in ta so tsokanata sai ta tambaye ni ina tsinkena.

Inna kuwa ta ƙi hoto. Shekara da shekaru ina roƙonta, tana cewa ita ba ta ɓata ba balle a neme ta da takarda. Sai ranar sunan ɗana na fari ta yarda, don murna. Da hantsi ne, an gama raɗin suna, gidanmu na Roni cike da mata, Yaya ma ta zo daga Gwiwa inda take aure. Na kafa baƙin ƙyalle a jikin katanga, na ajiye kujera. Inna ta fito da zanenta na baƙin rini da wani ɗankwali mai furanni rawaya wanda ba ta ɗaura shi sai ranar taro. Ta zauna ta ɗora hannuwa a gwiwa.

Na gaya mata abin da nake gaya wa kowa: kada a motsa, kada a yi dariya, a rufe baki. A wannan akwatin sai an cire murfin gaba an ƙirga uku sannan a mayar. Ina cire murfin, Yaya daga bayana ta ce:

"Inna, ki yi hankali, zai auna ki da tsinke."

Inna ta daure ba ta motsa kai ba, amma gefen hagu ya tashi, ya tsaya a sama har na gama ƙirga. Da na fito da takardar tana ɗigar ruwa, Yaya ta leƙo ta kafaɗata. Duk da fari da baƙi a juye suke, ta ce ai ga ta nan, ita ce sak. Ta ce in fitar mata yanzu ta tafi da shi. Na ce a'a, wannan na Inna ne, sai na koma shago na yi shi a natse.

Kwana uku na yi a kansa. Ban taɓa yin aiki da kulawa irin wannan ba, domin a ganina kyauta nake haɗa wa mahaifiyata. Na sauke girar hagu, na buɗe idon, na kankare kumatun da reza a hankali, na kwantar da gefen bakin ya zo daidai da na dama. Kuma a kan takardar farkon na yi duk wannan. Da na fara fitar da guda ɗaya kafin in taɓa, da minti goma kawai zai ci mini. Tunanin ma bai zo mini ba. Wa yake ajiye abin da bai gyaru ba?

Na sa shi a gilashi na kai Roni. Inna tana tsakar gida tana matsar tunkuza, ta goge hannu, ta karɓa. Ta daɗe tana kallo. Sannan gefen hagu ya fara motsi.

"Auta, wace ce wannan baiwar Allah? Kyakkyawa kuwa. Matar wani ma'aikaci ce? Ga shi har ta ari ɗankwalina."

Matan gidan suka fashe da dariya. Na yi ta bayani a kan dama da hagu, ba wanda ya saurare ni. Duk da haka ta rataye shi a ɗakinta, ta ce baƙuwa ba a barin ta a waje. Na ce in ba ta so sai in sake ɗaukar wani. Ta ce sau ɗaya ya isa. Ni ma ban matsa ba, domin a zuciyata na tabbata hoton ya yi, idonsu ne bai waye ba. Damina biyu bayan haka Allah ya yi mata rasuwa.

Bayan an share makoki Yaya ta kira ni gefe. Ta ce wancan na gilashi in riƙe, ita takardar farko take so, wadda ta gani tana ɗigar ruwa, in fitar mata da shi yadda yake. Na ce babu. Ta ce ɓata ta yi? Na ce a'a, a kanta na yi gyaran. Ta dube ni. Da za ta koma Gwiwa sai ta naɗe hoton gilashin a zane ta tafi da shi, tunda babu wani.

Ba mu yi faɗa ba. Zumunci bai yanke ba, ina zuwa tana zuwa, 'ya'yanmu sun tashi tare. Amma hoton ya samu suna: baƙuwar auta. Duk wanda ya shiga ɗakinta ya tambaya, sai ta ce wata baƙuwa ce ƙanina ya kawo mana, har yanzu ba a zo ɗaukarta ba. In na je gaishe ta takan ce in shiga in gaisa da baƙuwata. A yi dariya, ni ma in yi, amma daga lokacin na daina iya kallon Yaya ido cikin ido. In muna magana sai in dubi tabarma. Mutane suna ɗauka ladabi ne.

Zan so in ce daga ranar na jefar da tsinken. Ban jefar ba. Na ci gaba da gyaran fuskokin mutane shekaru da dama, har hoto mai kala ya zo, ana kai fim Kano a wanko, babu inda fensir zai shiga. Zamani ne ya karɓe mini reza, ba hankalina ba. Hankalin sai daga baya ya iso, a hankali, lokacin da iyayen abokaina suka fara rasuwa, 'ya'yansu suna zuwa suna tambaya ko ina da hoton tsohon, ni kuma na san abin da na yi wa tsohon.

Bara, bayan an gama girbin gero, muka je Gwiwa ni da maiɗakina. Yaya ta tsufa, mijinta ya rasu, yanar ido ta fara rufe mata gani. Tana gane mutum in ya matso kusa, a cikin haske. Muna zaune a ɗakinta bayan an ci abinci, sai ta ce akwai abin da yake damun ta. Ta ce da, in ta rufe ido, Inna tana zuwa mata, ta gan ta a bakin murhu ko a gindin turmi. Yanzu kuwa in ta rufe ido ta kira Inna, baƙuwar ce take zuwa. Muryar tana nan, ɗankwalin yana nan, amma fuskar ta jikin bango ce. Shekara arba'in tana kallon ta safe da yamma, har baƙuwar ta kori mai gidan, wato Inna. Ta ce abin da take tsoro shi ne ranar da idon zai rufe gaba ɗaya, a bar ta daga ita sai baƙuwa.

Ba da faɗa ta faɗa ba. Tana ɓare gyaɗa ma take magana. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na roƙe ta aron hoton, na tafi da shi Kazaure. Wannan karon na yi hankali, na sa aka fitar mini da kwafi biyar, ban taɓa na ainihin ba. Na nemo fensir na zauna a zaure, ina so in mayar da abin da na cire. Ido ya yi rauni, amma ba wannan ce matsalar ba. Na san girar ta fi haka hawa, amma da nawa? Na san bakin yana tashi, amma ta ina yake farawa? Na farko ya fito kamar mai ciwon haƙori. Na biyu kamar wadda ta ji wari. Maiɗakina ta ɗauki na uku ta ce wannan kam ta san ta, ita ce matar da take hana mutane ɗiban ruwa a famfon unguwa. Na kai wa wani mai shagon hoto na zamani, ya sa a kwamfuta, ina cewa ɗaga nan, sauke can, har muka gaji da juna. Bai taɓa ganin Inna ba, ni kuma da na gan ta na kasa faɗa.

Muka koma Gwiwa mayar da hoton. Ban so in nuna ɓarnar da na yi ba, amma maiɗakina ta ɓoye kwafin a jakarta, muna zama ta zaro su. Yaya ta fito tsakar gida inda haske yake, ta kai su kusa da fuska ɗaya bayan ɗaya, maiɗakina tana gaya mata sunan da ta sa wa kowanne. Da aka zo kan mai hana ɗiban ruwa, Yaya ta fara dariya. Ta ce da baƙuwa ɗaya ce, yanzu auta ya kawo mata dangin baƙuwar gaba ɗaya, ina za ta samu tuwon da zai ishe su.

Ni ina kallon tabarma kamar yadda na saba. Sai na ji an mintsine ni a hannu.

"Malam, ɗaga kai," in ji maiɗakina a hankali. "Dubi bakinta."

Na ɗaga. Gefen hagu ya tashi, ya tura kumatu sama, idon ya kusa rufewa, girar ta ɗage. Gefen dama yana nan yana jira. Dogon hancin Baba yana nan, amma tsufa ya zabge naman fuskar, haƙoran gefe sun zube, abin da yake ƙasa ya fito fili. Inna ce zaune a kan tabarma tana yi mini dariya. Ban san tun yaushe take nan ba. Mai yiwuwa shekara goma, ni kuma ina zuwa gidan ina ƙirga saƙar tabarma.

Na gaya wa Yaya. Ta ce in daina, tsufa ya fara taɓa ni. Ta ce ita kullum sai ta duba madubi in za ta sa kwalli, ba ta taɓa ganin Inna a ciki ba, Baba dai take gani ya ɗaura ɗankwali. A nan ne, sau ɗaya a rayuwata, ilimin madubi ya yi wa wani amfani. Na ce mata da farko ba wanda yake dariya yana sa kwalli. Na biyu kuma, madubi ba ya nuna wa mutum fuskarsa yadda mutane suke ganin ta. Lokacin da take kallon Inna, gefen da yake tashi yana wajen hannunta na dama, domin suna fuskantar juna. A madubi kuwa nata gefen yana wajen hannun hagu. Ko da ta yi dariyar, a juye za ta gan ta. Hoto ne kaɗai zai nuna mata kanta kamar wata ce ta zauna a gabanta.

Ina da waya da ɗana ya saya mini, wadda ban san komai a cikinta ba sai amsa kira da jin labarai. Maiɗakina ta nuna mini inda ake taɓawa. Sannan ta tambayi Yaya ko ɗankwalin nan mai furanni rawaya yana nan. Yana nan, a ƙasan akwati, ya koɗe, yana ƙamshin turaren wuta. Ta ɗaura mata shi irin ɗaurin Inna, ƙulli a baya. Muka sa kujera a gindin darbejiya inda rana ba ta dukan fuska.

Ina ɗaga wayar sai bakina ya faɗi abin da ya saba: kada a motsa, a rufe baki. Yaya kuwa ta bi umarni. Na ɗauki guda huɗu, duka Baba ne da ɗankwali. Na ce ta yi dariya, ta ce da wa. Maiɗakina ta ba da labarin mahaucin, Yaya ta ce ta ji shi sau ɗari. Rana tana ta tafiya.

Sai na ga tunda mun zo nan, gara in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Na durƙusa a gabanta, wayar tana hannuna. Na ce Yaya, na ɓata miki abin da ba ni da ikon ɓatawa, na ɗauka na fi kowa gani, ki yafe mini. Ta ce in tashi, ba ta son irin wannan. Na yunƙura, gwiwa ta ƙi. Na sake yunƙurawa, na ji ta yi ƙara, na koma daɓas a ƙasa, hulata ta faɗi.

"Oh ni," in ji Yaya. "Autan Inna ya tsufa. A kawo tsinke a tallafe shi."

Ina zaune a ƙasa, ina kallon ta daga ƙasa kamar yadda nake kallon Inna ina yaro, na ga gefen hagu ya tashi. Na taɓa wayar.

A fuskar waya ba ta iya gani, ya yi mata ƙanƙanta. Washegari na kai shi shagon nan na Kazaure, na ce a fitar mini da babba, mafi girman da injinsu zai iya. Mai shagon ya duba ya ce hoto mai kyau, bari ya ɗan goge tamojin fuskar, ya kuma daidaita bakin, ai ya karkace, minti biyu ne. Na riƙe masa hannu. Na ja kujera na zauna a kansa kamar ɗan Nijar ɗin nan, har takarda ta fito. Yana ta mamakin tsoho mai rigima.

Na sa shi a gilashi, ran Juma'a muka kai. Yaya ta karɓa ta fita da shi bakin ƙofa. Ta kai shi kusa da fuskarta har numfashinta yana taɓa gilashin, ta bi shi daga ɗankwali zuwa haɓa, ta dawo ta tsaya a wajen bakin. Ta sa yatsa a wurin. Wata akuya tana ta kuka a bayan gida.

"Sannu da zuwa, Inna," ta ce. "Kin daɗe."

Ta yi hawaye kaɗan, ta share da bakin mayafi, sannan ta juyo ta ce ashe haka take da kyau ba wanda ya gaya mata. Ta ce batun yafiya kuwa ta yafe tun Inna ba ta shekara da rasuwa ba, haushi ne kawai ya rage, shi ma yau ya tafi. Ta sa aka dama mana fura da nono mai yawa, aka kira maƙwabta su zo su gani. Wata tsohuwa da ta taso a Roni ta shigo, ba wanda ya gaya mata komai, ta dubi hoton ta ce a'a, ina kuka samo mai man gyaɗa?

Na ce to bari in sauke tsohon hoton in tafi da shi. Yaya ta hana. Ta ce matar da ta yi shekara arba'in a ɗakinka ba ta taɓa cin maka komai ba, ba ta taɓa kai gulmarka waje ba, ai ta zama 'yar gida. Aka buga ƙusa a gefenta aka rataye sabon. Suna nan su biyu, ɗankwali iri ɗaya, ɗaya ta kame kamar tana jiran a kira sunanta a asibiti, ɗayar tana yi mata dariya.

Watan jiya na sake zuwa. Yanar ta ƙaru, ana maganar a kai ta a duba ko za a iya cirewa, ita kuma tana ta ja. Da muryata ta gane ni. Na zauna kusa da ita, kuma yanzu fuskarta nake kallo, tabarma ta huta. Muka yi hirar damina da tsadar taki da jikokin da ba sa zuwa gaisuwa. Da zan tashi na kasa daurewa, na tambaye ta wa yake zuwa yanzu in ta rufe ido.

Ta rufe su, ta ɗan jima. Na ga gefen hagu ya fara motsi.

"Mai man gyaɗa ce," ta ce. "Tana tambaya wai har yanzu kana da tsinken?"